Ku Tambayi Anti Likita: Ƙwayoyin tsayar da al'ada da na daidaita ta

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da mazan da ke leƙo mana filin nan a ɓoye, ai mun san kuna karantawa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk akan abu ɗaya ne, magungunan homon (sinadaran da ke sarrafa aikin jiki) da ake sha saboda matsalar al'ada, sai na tsinto wasu na haɗa su waje guda. Na cire sunaye kamar kullum, na kuma rage tsayin wasu dan akwai wadda ta rubuto min tarihin rayuwarta kaf tun daga haihuwa.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Shekarata 29 yarana biyu. Wata biyar da suka wuce ina da jarrabawa kuma ni in ina al'ada bana iya komai sai kwanciya, sai ƙawata ta ce in sha Primolut N zai ɗaga min ita, na sha kuwa ya yi aiki, toh tun daga nan duk sanda jini ya zo lokacin da bana so ko ya wuce kwana biyar sai in ɓalli biyu in sha ya tsaya, in ya dawo in ƙara, yanzu Anti abin ya rikice gaba ɗaya ban ma san kwanan watana ba, yau ɗigo gobe gudaji jibi shiru, ga nonona na ciwo ga kumburin ciki. Wai na lalata mahaifata ne?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba ki lalata ta ba, rikita ta kika yi, kuma tufka da warwarar nan da kike yi ita ce gaba ɗayan matsalar.

Bari in miki bayanin yadda abin yake dan in kin gane shi ke da kanki za ki daina. Homon biyu ne ke karɓa-karɓa a jikin mace kowane wata. Istirojin ne ke fara aiki, shi ke gina shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. In ƙwai ya fita, wajen kwana 14 kenan kafin al'ada ta gaba, sai furojestaron ya karɓi aiki, shi kuma nasa ya riƙe shimfiɗar nan kar ta zube ko da ciki zai shiga. In cikin bai shiga ba sai furojestaron ya sauka, to saukar nan tasa ce ke sa shimfiɗar ta saki, shi ne jinin da kike gani. Primolut N sinadarin da ke cikinsa sunansa noretistaron, miligiram 5 a kowace ƙwaya, ɗan uwan furojestaron ne da aka haɗa a masana'anta. Muddin yana jikinki mahaifa ba za ta zubar ba. Ranar da kika daina, ki ba shi kwana 2 zuwa 3 jini zai zo, dole ne, haka aka yi shi. Kinga kenan duk sanda kika sha biyu kika ajiye, ke da hannunki kike kiran jinin da kike gudu, ya zo ki ƙara sha, ki ajiye ya ƙara zuwa, har yaushe?

In ɗaga al'ada ake so, yadda likita ke rubuta shi ƙwaya ɗaya ce sau 3 a rana, a fara kwana 3 kafin ranar da ake sa ran zuwanta, kuma ba a wuce kwana 10 zuwa 14. Abu ne na jefi-jefi in larura ta kama, ba na kowane wata ba. Sannan abu biyu da ƙawarki ba ta faɗa miki ba dan ita ma ba ta sani ba. Na farko shan sa a haka baya hana ɗaukar ciki, mata da yawa sun ɗauka tunda homon ne ai ya rufe, a'a. Na biyu, wani kaso na noretistaron jiki na juya shi ya koma istirojin, shi kuma istirojin yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, saboda haka macen da ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko a huhu, ko mai ƙiba sosai, ko mai shan sigari, ko mai ciwon hanta, ko wadda za ta yi doguwar tafiya a zaune ba motsi, ba a miƙa mata shi kai tsaye. Akwai wani, Provera, da jiki baya juya shi haka, wani lokacin shi likita zai zaɓa.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. Ta shigo min ofis a sunkuye, ta zazzage jakarta akan tebur, katin Primolut huɗu duk an ɓalle su ɗai-ɗai kamar ɓera ya ci, sati uku tana ɗigon jini tana dannewa da su. Na ja fatar idonta na ƙasa na ga fari fat. Na ce a yi gwajin ciki ta ce ai ita ba ta da ciki tunda ga jini tana gani. Ashe cikin ne, kuma a wajen mahaifa ya zauna, a bututun ƙwai, a daren aka shiga da ita tiyata. Shi ya sa ni kowace mace da ke shekarun haihuwa in jininta ya rikice, kafin a yi maganar wace ƙwaya, gwajin ciki tukunna.

Dan haka ki ajiye sauran katin, ki yi gwajin ciki yau ba gobe ba, ki je asibiti a duba yawan jininki a kuma yi sikanin. In komai lafiya, ki ba jikinki wata biyu zuwa uku ba ki sha komai ba kina rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ko a waya ne, yawanci yana komawa hanyarsa da kansa. Ciwon nonon da kumburin duk aikin maganin ne za su tafi. Amma in kin ga kina jiƙa auduga duk awa har awa biyu a jere, ko jiri na ɗibarki, ko mara ta murɗa ɓari ɗaya, kar ki jira safiya. Sannan ainihin damuwarki, wato ciwon da ke kwantar da ke har ki kasa jarrabawa, ba a taɓa ta ba har yanzu, ki karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina yin allurar wata uku shekara ɗaya da rabi kenan, da farko ɗigo ya dame ni yanzu kuma wata tara ko ɗigon babu. Ni dai na ji daɗi dan da jini nake zubarwa sosai, amma yayata ta tsorata ni wai jinin taruwa yake yi a ciki zai zama ƙari kuma wai ba zan ƙara haihuwa ba. Gaskiya ne?

Amsa: Ki gaida min Yaya ki ce mata babu inda jini ke taruwa. Mahaifa ba tanki ba ce. Allurar Depo-Provera, miligiram 150 duk sati 13, tana hana ƙwai fita tana kuma sa shimfiɗar mahaifa ta zama siririya, to abin da ba a gina ba me za a zubar? Kusan rabin matan da ke yinta in sun kai shekara ɗaya ba sa ganin al'ada, kuma mace irinki da ke zubar da jini da yawa a da, wannan hutu ne jikinki ya samu.

Amma ba zan ce komai nata ƙarya ba ne, akwai ƙanshin gaskiya a maganar haihuwar. Allurar ba ta hana haihuwa har abada, sai dai tana da jinkiri, a matsakaici wajen wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ciki ya shiga, wasu har su haura shekara. In kina son ƙarin ɗa a baɗi, tun yanzu za ki yi lissafi. Tana kuma rage ƙarfin ƙashi kaɗan muddin ana yinta, yawanci yana farfaɗowa in an daina, shi ya sa ake so duk shekara 2 ki zauna da ma'aikaciyar lafiya a sake duba ko har yanzu ita ce ta dace da ke. Wasu kuma tana sa su ƙiba, wannan ba sharri aka mata ba.

Tambaya: Likita ina miki fatan alheri. 'Yata ce shekara 16, duk wata sai ta yi kwana biyu ba makaranta saboda ciwon mara, har amai take tana birgima a ƙasa. Na kai ta asibiti, likitan ya rubuta magani, sai da muka karɓo na karanta takardar ciki na ga ashe ƙwayar tsarin iyali ce. Wallahi raina ya ɓaci, yarinya ƙarama 'yar makaranta me ya haɗa ta da wannan, na ɓoye maganin ban ba ta ba. Shin ba zai hana ta haihuwa nan gaba ba? Kuma babu wani maganin ne sai wannan?

Amsa: Hajiya na fahimci ɓacin ranki, kuma laifin na wanda ya rubuta bai zaunar da ke ya miki bayani ba ne, mu likitoci muna da wannan halin na gaggawa, ba zan kare mu ba. Amma maganin kansa bai yi kuskure ba. Kin san ƙwayar nan ma asalinta da sunan maganin al'ada ta fara shiga kasuwa? A Amurka a 1957 aka amince da ta farko, Enovid, dan matsalolin al'ada, sai a 1960 aka amince da ita dan hana ɗaukar ciki. Sunan tsarin iyali ne ya fi bin ta kawai.

Ciwon marar nan wani sinadari ne ke kawo shi, furostagilandin, shimfiɗar mahaifa ce ke fitar da shi lokacin da za ta zube, shi ke sa mahaifa ta dinga matsewa kamar ƙaramar naƙuda, shi ne kuma ke kawo aman da gudawar da wasu ke yi. Ƙwayar tana sa shimfiɗar ta yi siriri, sinadarin ya ragu, ciwon da jinin su ragu tare.

Akwai wani maganin kafin ita kuwa, kuma da shi ake farawa. Ibufurofen ko Ponstan, su ba homon ba ne, sinadarin nan suke tarewa. Inda ake kuskure shi ne a bari sai yarinya ta fara birgima sannan a ba ta ƙwaya ɗaya a ce bai yi aiki ba. Ana farawa ne da alamar farko, ko ma kwana ɗaya kafin jinin in kwanakinta a tsaye suke, a ci gaba akan lokaci kwana 2 zuwa 3, kuma ba a sha da cikin wofi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, ko mai asma da irin waɗannan ke tayar mata, ba nata ba ne. In ba ku gwada haka yadda ya kamata ba ku gwada wata uku. In an yi ba sauƙi, to ki fito da wancan daga inda kika ɓoye shi.

Ba ya hana haihuwa. In ta daina, cikin wata ɗaya zuwa uku ƙwai ya ci gaba da fita kamar da. Abin da ba a cika faɗa ba ma, matan da suka sha ta haɗarin kansar ƙwan mace da ta cikin mahaifa yana raguwa a wajensu. Ta ɗaya ɓangaren akwai ɗan ƙari kaɗan a haɗarin kansar nono muddin ana sha, yana gushewa cikin shekara 10 da dainawa, kuma a shekarun 'yarki wannan ciwon da wuya ƙwarai. Wata ukun farko za ta iya jin tashin zuciya ko ɗigon jini a tsakani, yana lafawa.

Abin da nake so ki koma ki tabbatar an yi shi ne an auna hawan jininta, an tambaye ta ko tana ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, an tambaye ki ko a danginku na kusa akwai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya yana da ƙuruciya, da kuma ko tana shan maganin farfaɗiya dan wasunsu ba sa jituwa da ƙwayar. Sannan in ta sha wata 3 zuwa 6 ciwon na nan daram, kar a ce ragwanta ce, a nemi endometiriyosis, wato irin naman shimfiɗar mahaifa ya tsiro a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 da ke shekarun haihuwa na da shi, wajen miliyan 190, kuma da yawa tun suna 'yan mata ya fara ana ce musu su yi haƙuri haka kowa ke ji. Ba haka kowa ke ji ba.

Tambaya: Anti shekarata 38, jinina kwana tara yake yi da gudaji manya, da dare sai na haɗa auduga biyu kuma duk da haka sai na ɓata zanin gado, in na hau bene numfashi nake kamar na yi gudu. Ƙanwata tana shan ƙwayar nan ta kullum ta ce tunda ta fara jininta kwana uku ne, ta ba ni kati biyu in gwada. Ni dai ina da ɗan hawan jini ina shan magani, sai ciwon ɓarin kai da in zai zo nake fara ganin wasu zane-zane masu ƙyalli a idona. In fara sha?

Amsa: A'a 'yar uwa, kar ki fara, ko ƙwaya ɗaya. Ki mayar mata da katinta ki yi godiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma wannan bai karɓe ki ba. Na ji daɗi da kika ambaci zane-zanen nan dan da yawa ba sa faɗa, gani suke ba shi da alaƙa da mara.

Ƙwayar da ƙanwarki ke sha in irin mai homon biyu ce, da istirojin a ciki. Mace mai ciwon ɓarin kai da ke fara ganin walƙiya ko zane, ko gefen fuska ko hannu ya yi mata sanyi kafin ciwon ya sauka, dama haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ɗan fi yawa a wajenta, in aka ɗora istirojin sai ya ƙaru, shi ya sa a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya wannan yana sahun da aka ce sam kar a bayar. Ga kuma hawan jini, wanda ko an shawo kansa da magani ba a son haɗa shi da ita, in ya kai 160 bisa 100 kuwa babu ma magana. Haka mai shan sigari da ta kai 35, da wadda ta taɓa kansar nono, da mai jego da ba ta yi sati 6 ba tana shayarwa.

Ba tsoratar da kowa nake ba, ga lissafin dan a san girman abin. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi bitarsa a 2013. A cikin mata 10,000 da ba sa shan komai kuma ba su da ciki, kamar 2 ne jini zai daskare musu a jijiya a shekara. Masu shan ƙwaya mai lebonojestarel 5 zuwa 7, wasu sababbin nau'in kuma 9 zuwa 12. Kinga ga lafiyayyiyar mace kamar ƙanwarki haɗarin ƙarami ne, ciki da jego ma sun fi shi. Amma lissafin nan ba da irinki aka yi shi ba. Ita ma ki faɗa mata, in ta ga ƙafa ɗaya ta kumbura sha-raɓa na zafi, ko numfashi ya sarƙe da ciwon ƙirji haka kawai, ko baki ya karkace, ta ajiye ƙwayar ta nufi asibiti a lokacin.

Ke kuma ba a rasa abin yi miki ba, hasali ma wanda ya fi na ƙanwarki aiki yana nan. Robar mahaifa mai homon, Mirena, ba istirojin a cikinta, homon ɗin kaɗan-kaɗan take saki a cikin mahaifar kanta, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. Tun 1990 aka fara amfani da irinta a Finlan, tana rage jini da kashi 70 zuwa sama da 90 cikin 100, kuma a Ingila ita aka sa a sahun farko ga mai zubar jini da yawa. Sai dai ki shirya wa ɗigo na wata 3 zuwa 6 na farko, nan ne mata ke ƙosawa su ce a cire, alhali saura ƙiris. Kar ki ɗauka ɗaya take da robar jan ƙarfe, waccan ƙara jini take, kar kuma a sa miki ashanar hannu da sunan maganin wannan, ita jininta ba shi da tabbas, a yi gudun gara a faɗa zago. In ba kya son homon kwata-kwata ko kina neman haihuwa, akwai taranezamik asid, ana sha ne kwanakin jinin kawai, baya wuce kwana 4, yana rage kusan rabi, amma shi ma likita ne zai rubuta bayan ya tabbatar ba ki da tarihin daskarewar jini.

Kafin duk wannan sai an san me ke zubar da jinin. A shekarunki ƙarin mahaifa da ake kira faibiroid shi ne na farko da zan nema, sikanin zai nuna, kuma girmansa da inda ya zauna su za su faɗa ko robar za ta zauna. Hakin da kike yi a bene kuma ƙarancin jini ne har sai gwaji ya ce ba shi ba, a auna a ba ki maganin ƙarin jini, kuma ki ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya cika, ba ki ji sauƙi ki watsar ba.

Tambaya: Ni kuma Anti tawa akasin ta kowa ce, sau uku ko huɗu nake gani a shekara, ga gashi a haɓa ga ƙuraje, an ce PCOS ne, wato rikicewar homon da ke hana ƙwai fita akan lokaci, aka ba ni Provera in sha kwana 10 in ta daɗe ba ta zo ba. Ni ban ga amfanin jawo jini da gangan ba tunda ba ya damuna, kuma aurena shekara biyu ina sha ban samu ciki ba.

Amsa: Naki rashin jinin daban yake da na mai allura da na amsa a sama, ki lura da kyau. Ita shimfiɗarta siririya ce. Ke kuma ƙwai ne baya fita akan lokaci, to babu furojestaron, istirojin shi kaɗai ke ta gini wata da watanni ba mai ce masa ya isa. Shimfiɗar ta yi ta kauri, wata rana ta ɓalle da jinin da ya ƙi tsayawa, in an ɗau shekaru a haka kuma tana iya rikiɗa ta zama abin da ba a so. Shi ya sa ba a barin mai PCOS ta wuce kwana 90 ba ta zubar ba. Wankin mahaifa ne Provera ke miki, ki ci gaba, ki dai yi gwajin ciki duk sanda za ki fara.

Amma ba maganin haihuwa ba ne, jini yake kawowa ba ƙwai ba, kuma ina zargin ba a faɗa miki haka ba kika zauna jira. Shekara biyu ta isa, ki koma ki ce ciki kike nema, akwai magungunan sa ƙwai ya fita irin letirozol da Clomid, ana bayarwa ana bibiya da sikanin, ba a saya a sha da ka. A duba sukarinki, a duba maigidan shi ma. In kina da jiki, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki kaɗai yana dawo wa wasu da al'adarsu.

Tambaya: In al'adata ta yi latti Postinor-2 nake sha ta zo, akwai matsala?

Amsa: Akwai. Shi maganin hana ɗaukar ciki ne na gaggawa, cikin awa 72 bayan saduwa, aikinsa jinkirta fitar ƙwai. Baya jawo al'ada, baya kuma fitar da cikin da ya riga ya shiga, ɗigon da kike gani bayansa rikicewa ce, shi ne ma ke ƙara sa ta latti wata mai zuwa. In ta wuce sati ki yi gwaji, in kuma kina yawan buƙatarsa ki je a zaɓa miki hanya tsayayya.

Tambaya: Anti akan mahaifiyata ce, shekararta 54, al'adarta ta ɗauke shekara uku, sai watan jiya ta ga jini kaɗan a wando sau biyu. Wani mai sayar da magani ya ba ta Primolut ya tsaya, ita ta ce shikenan ta warke ba za ta je asibiti a buɗe ta ba. Mu ƙyale ta?

Amsa: Kar ku ƙyale ta 'yata. Macen da ta yi wata 12 cur ba al'ada, duk jinin da ya biyo baya ko ɗigo ɗaya ne ba al'ada ba ce, kuma tsayawar da ya yi ba warkewa ba ce, an rufe bakin mai ba da labari ne kawai. Mafi yawan lokuta abin mai sauƙi ne, bushewar gaba ce ko ɗan tsiro, amma kusan 1 cikin 10 kansar cikin mahaifa ce, ita kuma in an kama ta da wuri tana cikin waɗanda aka fi samun nasara a kansu. Abin da za a yi mata ba shi da yawa, a duba bakin mahaifa, a yi sikanin a auna kaurin shimfiɗar, in ta wuce milimita 4 a ɗan ɗebi kaɗan a kai gwaji. Ku tafi da katin maganin a nuna wa likita dan ya san me ta sha da ranar da ta sha. In kunya ce damuwar Mama ku nemi likita mace tun a wajen yankar kati, ke ki shiga da ita ki riƙe mata hannu, kuma cikin satin nan nake so ku je.